Wace irin tausa ce ta dace da ciwon wuya da ƙugu? Amsa ga wani tela

Wani bawan Allah ne ya turo min tambaya, ya ce shi tela ne, shekararsa 43, ya kusa shekara 20 a kan keken ɗinki, yanzu wuya da tsakanin kafaɗu da ƙugu sun sako shi a gaba musamman lokacin ɗinkin sallah da ake kwana a shago. Ya ce ya je Abuja kai kayan wani kwastoma sai ya ga gidan tausa an jera sunaye a allo, Suwidish, dif tishu, ta Tailan, ta duwatsu masu zafi, rifleksoloji, kowacce da kuɗinta, ya rasa wacce ce tasa, kuma yana so ya ji ko waɗannan sun fi ƙahon wanzami da tausar da muka saba a gida. Can a ƙarshe ya ƙara da cewa mahaifiyarsa ta dawo daga Umara ƙafarta ɗaya ta kumbura, ko a samo mai tausa ta zo ta matsa mata.

To Malam, wa alaikumus salam, Allah ya ƙara lafiya. Ni aikina fisiyo ne, wanda mutanenmu suka fi sani da likitan gashi, hannuna kullum a jikin masu irin ciwonka yake. Amma bari in fara da maganar Hajiya don ita ce ta gaggawa, taka za ta iya jira. Don Allah kar wanda ya matsa wannan ƙafar. Dattijuwa ta yi zaman jirgi na awa 4 zuwa 5 ƙafa a lanƙwashe, ga zaman jira a filin jirgi, ga ƙarancin shan ruwa, ta sauka ƙafa ɗaya tak ta kumbura, abin da ke fara zuwa ran duk wani ma'aikacin lafiya shi ne gudan jini ya daskare a jijiyar can ciki ta sharaɓa ko cinya. In haka ne aka zo aka murza wurin, gudan zai iya ɓallewa ya bi jini ya je ya toshe hanyar huhu, mutum yana zaune sai numfashi ya sarƙe. A kai ta asibiti yau, ba gobe ba, a ce musu daga tafiya ta dawo, za su yi hoton jijiyoyin ƙafar da na'urar sikanin. In ta fara haki ko ciwon ƙirji kuwa ko tsakar dare ne a tafi. Kumburin gajiya yawanci ƙafa biyu yake kamawa kuma yana saɓewa in an kwanta an ɗaga ƙafa, na ƙafa ɗaya mai ɗumi da ciwo shi ne abin tsoro. In an duba an ce ba komai, alhamdulillahi, sai a yi maganar tausa daga baya.

Yawwa, mu dawo kanka.

Kafin sunayen nan su ruɗa ka, ka fara sanin me tausa ke yi a jiki tukuna. Ka lura in ka buge gwiwar hannu da ƙofa ba wanda ya koya maka sai ka ga ka kai hannu kana murza wurin, kuma zafin ya ragu da gaske? A 1965 wasu masana 2, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka kawo bayanin haka, cewa saƙon taɓawa da saƙon zafi duk ta laka suke bi su je ƙwaƙwalwa, kuma akwai wani abu kamar ƙofa a lakar, in saƙon shafa da matsa ya yi yawa sai ya rage wa saƙon zafi hanya. An yi wa bayanin nasu gyare-gyare daga baya amma tushen yana nan. Ƙari a kan haka mutum in ya kwanta an shafa masa baya a hankali numfashinsa yana sauka, bugun zuciya ya lafa, tsokar da ya ɗaure ba tare da ya sani ba ta saki, jini ya ɗan ƙara gudu a fata. Iyakar abin kenan fa, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Amma zancen wai tausa tana fitar da guba daga jiki, ko tana narkar da kitse, ko tana mayar da faifan ƙashin baya da ya turo, wannan maganar talla ce. Hanta da ƙoda ke tace jini, babban yatsan wani ba ya yi musu aikinsu.

Suwidish da ka gani a saman allo ita ce uwar tausar Turawa, sauran da yawa daga jikinta suka fito. Ana jingina ta ga wani ɗan ƙasar Suwidin, Per Henrik Ling, wanda ya kafa makarantar motsa jiki a Sitokhom a 1813, kodayake wanda ya tsara salon hannun ya raɗa musu sunayen Faransanci da muke haddacewa a makaranta likita ne ɗan Holan, Johann Mezger. Abin dariya a can Suwidin ɗin ma ba sa ce mata Suwidish, tausar asali suke ce mata. Ana yin ta da mai, a kan gado, a fara da doguwar shafa da tafin hannu daga ƙasa zuwa sama wajen zuciya, sai cuɗa tsoka kamar mai kwaɓa fulawa, sai murzawa da kan yatsu a zagaye, sai ɗan bubbugawa da gefen hannu, a rufe da shafa kamar yadda aka fara. Wanda gajiya ta tarar masa, barci ba ya zuwa, jiki duk a mace, wannan ce tasa. Kuma in ka duba da kyau ba ta da wani nisa da abin da iyayenmu mata ke yi da man kaɗanya, tsari kawai aka yi mata.

Dif tishu kuma ma'anarta a shiga can ciki. Hannu ɗaya ne da Suwidish sai dai a hankali ake tafiya kuma da nauyi, da babban yatsa, da dunƙulen hannu, wani lokacin da gwiwar hannu. A nan ne mutanenmu ke cutar kansu, don mu a wurinmu in abu bai yi zafi ba bai yi aiki ba, allura ta fi ƙwaya, magani mai ɗaci ya fi mai zaƙi, to haka ma tausa, mutum yana cije leɓe yana gumi yana cewa ƙara dannawa. Tsoka in ta ji azaba ƙanƙamewa take yi don ta kare kanta, kaga garin neman ƙiba an samo rama. Ni abin da nake gaya wa mara lafiya, in 0 babu zafi ne 10 kuma zafin da ba ka iya jurewa, kar mu wuce 5 ko 6, irin zafin nan mai daɗi da za ka iya numfashi a cikinsa kana magana. Da zarar na ga mutum ya riƙe numfashi ko yatsun ƙafarsa sun naɗe na san na wuce gona da iri, sai in sassauta. Ɗan tsamin jiki na kwana 1 ko 2 bayan irin wannan ba komai ba ne, amma tabon jini baƙi-baƙi a fata ba shaidar ƙwarewa ba ce.

Wacce nake ganin ta fi kusa da matsalarka ba ta ma cikin jerin da ka karanto, ita ce ta ƙulli. Ka sa hannunka na dama a kan kafaɗar hagu, tsakiyar tazarar da ke tsakanin wuya da ƙarshen kafaɗa, ka ɗan tsunkuli tsokar nan mai kauri ka mirgina ta tsakanin yatsu. A wurin teloli da direbobi da masu aikin kwamfuta kusan kullum sai na tarar da wata igiya mai tauri a nan, a jikinta kuma akwai wani ɗan wuri kamar ƙwayar gyaɗa, in na danna sai mutum ya zabura ya ce yawwa nan ne, kuma abin mamaki ya ce yana jin zafin yana hawa ta gefen wuya, bayan kunne, har gefen goshi. Wato ciwon kan da ya shekara yana sha wa farasitamol daga kafaɗa yake tasowa. Wadda ta yi suna a kan nazarin waɗannan ƙulle-ƙullen wata likita ce Ba'amurkiya, Janet Travell, ita ce likitan shugaban Amurka Kennedy a fadar gwamnati daga 1961, shi ma ciwon baya ya addabe shi. Yadda ake yi, a ɗora yatsa a kan ƙullin a danna a tsaya cak, ba murzawa, daƙiƙa 30 zuwa 60, za ka ji zafin yana narkewa a ƙarƙashin yatsan, sai a ɗan ƙara nauyi kaɗan a sake jira, bayan nan a miƙar da tsokar a hankali. Wannan kai da kanka za ka iya, ka samu ƙwallon tanis ka sa ta tsakanin bayanka da bango, daidai tsakanin allon kafaɗa da ƙashin baya, ba a kan ƙashin ba, ka jingina ka nemo wurin. Ko a shago tsakanin ɗinki da ɗinki minti 2 ya isa.

Ta Tailan daban take. Ba mai, ba cire kaya, a kan katifa a ƙasa ake yi, mai yin yana amfani da tafin hannu da gwiwa har da ƙafarsa, yana danna ka yana lanƙwasa ka yana ja, kamar dai ana yi maka motsa jiki kai kana kwance. Su a can abin alfahari ne, akwai tsohuwar makarantarta a wurin bautar Wat Pho a Bankok, kuma a 2019 UNESCO, hukumar kula da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa ta cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa. Matashi mai jiki a sanƙare zai ji daɗinta, kuma ga wanda ba ya son buɗe jikinsa tana da sauƙi. Amma dattijo, ko mai amosanin gwiwa, ko wanda ciwon bayansa ke sauka ƙafa kamar shokin lantarki, ban ba shi shawara ba sai an duba shi. Akwai 'yar uwarta ta Japan, shiyatsu, wato danna yatsa, wadda Tokujiro Namikoshi ya buɗe wa makaranta a 1940, da ta Sin da suke kira tuwina. Da yawan masu yin su suna bayaninsu da wasu hanyoyin ƙarfi da suka ce suna bin jiki, masu fiɗa dai ba su ga waɗannan hanyoyin ba, amma dannawar tana rage ciwo kamar yadda kowace danna mai kyau ke yi.

Ta duwatsu, Suwidish ce aka haɗa da gashi, ana ɗumama baƙaƙen duwatsu masu santsi a ruwa a jera a baya ko a riƙa shafawa da su. Ɗumi yana sakin tsoka wannan gaskiya ne, amma tawul da ruwan ɗumi na minti 15 zuwa 20 a gidanka zai ba ka kusan abin da za ka biya dubbai a kansa. Mu da muke da gashi da wankan jego ai ba za a koya mana amfanin zafi ba, sai dai a tuna mana illar wuce kima, don tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kumburin zuciya ga masu jego da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta haɗe da kunun kanwa. Mai ciwon suga kuma ya yi hattara ƙwarai, da yawansu ƙafa ta daina jin zafi, sai ta ƙone bai sani ba, gyambon kuma ya ƙi warkewa. Sannan kar a shafa man zafi a ɗora gashi a kai, na sha ganin fata ta saluɓe ta haka.

Rifleksoloji tausar tafin ƙafa ce, tana da daɗi wallahi, wanda ya yini a tsaye in aka yi masa har barci yake. Inda na raba gari da su shi ne taswirar da wata Ba'amurkiya Eunice Ingham ta yaɗa a shekarun 1930, wai nan ne hanta, nan ne ƙoda, babban yatsa shi ne kai, in an danna za a gyara su. Bincike bai tabbatar da wannan ba. In don hutu ne bismillah, in an ce za a warkar maka da hawan jini ko suga ta tafin ƙafa, riƙe kuɗinka kuma kar ka ajiye maganinka.

Akwai wasu na asibiti da ba na jin daɗi ba ne. Misali wadda ake yi wa mai kumburin hannu bayan tiyatar kansar mama da aka cire kaluluwar hammata, wani ɗan Denmak Emil Vodder da matarsa suka ƙirƙiro ta a Faransa a shekarun 1930, shafa ce mai taushi sosai, fata kawai ake ɗan ja, ana kora ruwan zuwa inda hanya take a buɗe, kuma dole a haɗa da ɗaurin bandeji na musamman in ba haka ba ruwan dawowa yake. Akwai ta 'yan wasa, wadda ke rage tsamin jikin nan da ke zuwa kwana 1 zuwa 3 bayan atisaye. Akwai kuma motsa gaɓa da mu fisiyo muke yi, a riƙe ƙashi a riƙa ɗan girgiza gaɓar mataki-mataki, wannan ba tsoka ake nufi ba, mahaɗar ce ta ƙage.

Wannan ya kawo ni kan ƙas ɗin nan da mutane ke so. Ƙarar da kake ji in an lanƙwasa yatsa ko baya ba ƙashi ba ne ya koma mazauninsa, iska ce ke haɗa kumfa a cikin ruwan gaɓa, shi ya sa sai an jira kamar minti 20 kafin ta sake yi. Yanzu wasu masu aski sun ɗauko salon da suke gani a bidiyo, an gama aski sai a kama kai a murɗe wuya ƙas ƙas a matsayin kyauta. Kar ka yarda. A cikin ƙasusuwan wuya akwai jijiyoyin jini 2 da ke kai jini bayan ƙwaƙwalwa, murɗawar bazata tana iya tsaga bangon ɗaya, ba kasafai ba ne amma in ta faru shanyewar ɓarin jiki ce, kuma matasa take samu. Haka sa yara su taka baya, in ɗan shekara 3 ne a kan ƙato mai lafiya ba na faɗa, amma a kan tsohuwa da ƙashinta ya yi laushi haƙarƙari yana karyewa.

To wacce ta fi? Ga abin da zai ba ka mamaki. A 2011 aka fitar da wani bincike da aka yi a Siyatil ta Amurka kan mutum 401 masu daɗaɗɗen ciwon ƙugu, aka kasa su 3, kashi ɗaya tausar hutu irin Suwidish, kashi ɗaya tausar ƙwararru mai bin tsoka ɗaya bayan ɗaya, kashi ɗaya kuma suka ci gaba da abin da suka saba. Sau ɗaya a mako har mako 10. Waɗanda aka yi wa tausa sun fi samun sauƙi, amma tsakanin iri biyun ba wani bambancin a zo a gani, kuma da aka zagayo bayan shekara ribar ta kusa ɓacewa. A 2015 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken lafiya na duniya, ta tattara bincike 25 na mutum sama da 3,000 ta ce kusan haka, sauƙin na ɗan lokaci ne. Shi ya sa hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila a 2016 ta ce in za a yi wa mai ciwon baya aikin hannu to a haɗa shi da motsa jiki, kar a ba shi shi kaɗai. Kaga kenan sunan da ke allo bai kai hannun mai yin muhimmanci ba, da ko yana sauraronka, da kuma abin da kai ka yi da sauƙin da ka samu. Ni yadda nake kallonta tausa tana sayo maka kwana 2 ko 3 ne da jiki ya saki, in ka yi amfani da su ka fara miƙe jiki da tafiya da gyara zama ka ci riba, in ka koma kan benci ɗaya ka duƙa awa 12 to ranar Juma'a ƙullin yana nan ya dawo inda yake, mai gidan tausa kuma ba zai ƙi ba don ya samu kwastoma.

Ƙaho kuma da ka tambaya. Hijama tana da asali a sunna, wannan ba wurin jayayya ba ne, kuma ba mu kaɗai ke yi ba, a gasar Olamfik ta Riyo a 2016 duniya ta ga jajayen da'irori a kafaɗar ɗan ninƙayar Amurka Michael Phelps, nasa busasshe ne ba tsaga. Ta ɓangaren ciwon wuya da baya wasu suna samun sauƙi na ɗan lokaci, kamar dai tausa, kuma ban taɓa hana mai lafiya yi ba. Damuwata aska ce da ƙahon kansa. Ƙwayar cutar hanta nau'in B tana iya rayuwa a busasshen jini aƙalla kwana 7, kuma binciken ƙasa na 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya a Najeriya suna ɗauke da ita, yawanci ba su sani ba. Goge aska da tsumma ko ɗauraye ƙaho da ruwa ba ya kashe ta. Ka je da sabuwar rezarka ko a ɓare a gabanka, kofunan roba kuma naka kai kaɗai. Mai sikila, mai ƙarancin jini, mai shan maganin tsinka jini irin su wafarin, mai sugan da bai daidaita ba, su haƙura da mai tsaga sai sun yi magana da likitansu.

Maɗora kuwa ina girmama su, akwai masu hannu da gado, amma bari in gaya maka abin da ya tsaya min a rai. An taɓa kawo min wani yaro ɗan kimanin shekara 9, ya faɗo daga bishiyar mangwaro ya bugu a gwiwar hannu, aka ce targaɗe ne, kullum da safe ana murza wurin da mai ana miƙar da hannun da ƙarfi yana ihu, har kusan wata 2. Da ya zo hannun ya ƙage a lanƙwashe, ba ya kaiwa baki ba ya miƙewa, na taɓa gaban gwiwar na ji wani abu mai tauri kamar dutse a inda ya kamata a ce tsoka ce mai laushi, hoto ya nuna ƙashi ne ya tsiro a cikin tsokar saboda yawan murza wurin da jini ya taru. Yaron da hannun hagu ya koma cin abinci. Sabon rauni mai kumburi da zafi ba a murza shi a kwanakin farko, a fara yin hoto a san ko akwai karaya, a Kano ga asibitin ƙashi na Dala nan, sauran jihohi ma manyan asibitoci suna yi. In kuma an yi ɗori aka ga yatsu sun kumbura sun yi sanyi ko sun canza launi, ko zafi yana ƙaruwa maimakon raguwa, a kwance ɗaurin nan take a tafi asibiti.

Kai ma kafin ka kwanta wa kowa ka tambayi kanka waɗannan. Ciwon yana tashinka cikin dare ko ba ka motsa ba, kana zufar dare, kana ramewa? Tarin fuka yana kama ƙashin baya kuma muna ganinsa a nan. Ƙafa tana rauni ko tana jan ƙasa, tsakanin cinyoyi ya dinga yi maka kamar ba naka ba, fitsari yana ƙin fita ko yana zubowa? Wannan na ranar ne, ba a kwana da shi. Wuya ya sanƙare tare da zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani, balle a bazara, a yi tunanin sanƙarau. Ciwon kafaɗar hagu ko hannu da ke zuwa da nauyin ƙirji da gumi in ka yi sauri, zuciya za a duba. Ciwon gefen ƙugu da zafin fitsari ko jini, ƙoda ce. Ba a tausa a kan ƙurji, ƙuna, ko kumburin da ba a san mene ne ba, ko lokacin zazzaɓi. Mai ciki ana yi mata a baya da kafaɗa tana kwance ta gefe, kuma murza ƙugu lokacin naƙuda yana taimakawa sosai, amma danna ciki wai a juya jariri a gida haɗari ne.

In duk babu waɗannan, to ga yadda zan yi da ni ne kai. Zan fara zuwa sashen fisiyo na asibitin gwamnati a duba ni ko sau ɗaya ne, kuɗinsa bai kai na gidan tausar Abuja ba, kuma fisiyo yana da lasisin hukumar MRTB da ke kula da aikinmu, wanda mai tausa a wurin hutu ba lallai yana da shi ba. In ka fi son gidan tausar, Suwidish ka ce a tsaya a kafaɗa da ƙugu da nauyi matsakaici, sau ɗaya a mako na mako 4 zuwa 6, in ba canji kar ka ci gaba da zuba kuɗi. Ka lura ko sun tambaye ka lafiyarka da magungunan da kake sha kafin su taɓa ka, wanda bai tambaya ba bai san aikin ba. A rufe maka jiki sai inda ake aiki, namiji ya yi wa namiji mace ta yi wa mace, wannan haƙƙinka ne ka faɗa tun a waya, kuma ka san wasu wuraren sunan tausa kawai suka ara, kai dai ka gane. A gida kuma uwargida za ta iya da man kaɗanya ko man zaitun ko na kwakwa, minti 10 bayan gashi, tafin hannu a gefe da gefen ƙashin baya ba a kansa ba. Injin tausar nan mai kama da bindiga da ake sayarwa yanzu ba laifi a cinya da ɗuwawu da saman kafaɗa, amma kar ya je gaban wuya ko gefensa ko kan ƙashi.

Sai shagon. Ina kyautata zaton a kan benci ko kujerar da ba majingina kake zama, ka samu mai majingina ka naɗe tawul ka sa a ƙugu, ka matso da ita jikin keken don kar ka riƙa miƙa wuya. Ka cire walat daga aljihun baya. Duk minti 30 zuwa 40 ka miƙe ko da yankan zare ne ko guga ka je ka yi a tsaye, ka sa hannu a ƙugu ka ɗan lanƙwasa baya sau 5, ka ja haɓa ciki kamar mai yin haɓa biyu sau 10, ka matse allunan kafaɗa su haɗu. Da yamma tafiyar minti 20 zuwa 30, ko ka zaɓi masallacin da ya ɗan fi nisa. Abu na ƙarshe da teloli ba sa kawowa a rai, a shekara 43 ido ya fara gaza ganin na kusa, kana kai fuska wajen allura ba ka sani ba, wuya kuma shi ke biyan bashin. Ka je a auna idon, ƙila gilashin karatu kawai kake buƙata, ka kuma sa fitila daidai kan allura ba can saman rufi ba. Ka gwada wannan mako 3 ka rubuto min yadda ka ji, kuma ka gaya min abin da hoton ƙafar Hajiya ya nuna, a gaishe ta da jiki.